Babi na Biyar: Alƙahira da Ɗan Guzuri

Mutum biyu za su iya tashi daga Kano a jirgi ɗaya, su sauka Alƙahira a sa'a ɗaya, su yi kwana goma su juyo tare, amma ka tarar ɗaya ya kashe ninkin abin da ɗan'uwansa ya kashe, kuma bai ga rabin abin da wancan ya gani ba. Na farkon duk abin da aka faɗa masa sai ya biya, don ba shi da abin da zai auna maganar da shi. Na biyun ya san inda zai kwana, ya san abin da zai hau, ya san kuɗin abu kafin ya miƙa hannu. Kuɗin matafiyi ya fi zurarewa a kwana biyun farko, lokacin da bai san gabas ba bai san yamma ba, ga gajiya, ga kunyar tambaya. Wanda ya tsare aljihunsa a waɗannan kwana biyu, sauran kwanakin za su zo masa da sauƙi.

Na ɗauki Alƙahira don yin wannan bayani saboda hanyarta tsohuwa ce a wurinmu. A wajajen 1240 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohon birnin, ta zama masaukin alhazansu da ɗalibansu. A 1324 Mansa Musa na Mali ya ya da zango a nan kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta kyauta da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Shehi Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka rubuta tafsirin Jalalaini da ake ja a masallatanmu duk azumi, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma a Alƙahira ya rasu a 1505. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, a nan ajali ya same shi a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A masallacin Azhar an daɗe da keɓe wa ɗaliban Barno sashensu na zama. Har yau akwai unguwa a Giza da ake kira Bulaƙ Dakrur, sunan da ya samo asali daga Takrur, yadda Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma. Kakanninmu sun yi wata da watanni a kan raƙumi kafin su iso. Yau awa huɗu zuwa biyar ce daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma masu zuwa ba su yanke ba: ɗalibai, masu neman magani, 'yan kasuwar littattafai da abaya, da masu son ganin gari kawai.

Lissafin gida

Kafin ka tambayi kuɗin tikiti, fara tambayar kanka abin da zai kai ka, domin amsar ita za ta yanke unguwar da za ka sauka da yawan kwanakin da za ka yi. Mai zuwa asibiti yana bukatar ɗaki kusa da asibitin, da wurin da zai dafa abin da likita ya yarda ya ci. Mai sarin littafi yana bukatar kusanci da Azhar da kuma nauyin kaya mai yawa a tikitinsa. Mai yawon buɗe ido kwana bakwai sun ishe shi idan ya tsara su.

Lokaci ma kuɗi ne. Alhazai da masu Umara da yawa ta Alƙahira suke bi zuwa Jidda da Madina, saboda haka kujeru kan yi tsada a azumi, da gabanin aikin Hajji, da ƙarshen shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu garin na da sanyi sosai da dare, kuma yawancin ƙananan masaukai ba su da abin ɗumama ɗaki. Tafi da rigar sanyinka, kada ka je ka saya a can. Tsakanin Maris da Mayu akan yi iskar hamsin mai ƙura da zafi. Yuni zuwa Agusta rana ce zalla. A ganina Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin yawo. Mai son littafi kuwa ya nufi ƙarshen Janairu, lokacin baje kolin littattafai na Alƙahira wanda aka fara tun 1969.

EgyptAir na tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas. Akwai kuma hanyar Addis Ababa da jirgin Habasha. Kada ka dubi kuɗin tikiti shi kaɗai: dubi jaka nawa aka yarda ka ɗauka da nauyin kowace, dubi awa nawa za ka zauna jiran jirgi na biyu, dubi nawa za a caje ka idan ka sauya rana. Tikiti mai rahusa da jaka ɗaya ya fi tsada ga wanda zai dawo da kaya. Idan ta hannun ejan ka saya, karɓi lambar nan mai haruffa shida ta ajiyar kujera, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka ga sunanka kamar yadda yake a fasfo, ka tabbata an biya kuɗin, ba riƙe kujerar kawai aka yi ba. Mutane da dama sun isa filin jirgi da takarda a hannu aka ce musu babu sunansu.

Batun biza, ka gama shi tun kana gida. Ƙa'idojinta na sauyawa, don haka ofishin jakadancin Masar ne wurin tambaya, kuma kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa sai bizar ta fito. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, wajibi ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, kuma ka yi allurar da gaske kwana goma kafin tafiya. Sayen katin ba tare da allura ba cutar kai ce. Ɗauki hoton duk takardun nan a waya, ka buga kwafi biyu, ɗaya a jakarka ɗaya a hannun wani a gida.

Sai ka zauna da biro da takarda. Rubuta kuɗin masauki na kowane dare, da na ci, da na mota, da na shiga wuraren tarihi, da na tsaraba, ka ninka da yawan kwanaki. Abin da ya fito, ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar, ka ware shi daban a matsayin na ko-ta-kwana, kada ka taɓa shi sai ciwo ko rasa jirgi. Kuɗin tsaraba shi ya fi cin amana. Rubuta sunayen waɗanda za ka saya wa da abin da za ka kashe a kan kowa tun kafin ka ga kasuwa, domin ido idan ya ga kaya lissafi guduwa yake.

Ba a canjin naira ko sefa a Alƙahira. Dalar Amurka za ka riƙa, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, kuma ka duba su ɗaya bayan ɗaya tun a wurin 'yan canji. A watan Maris na 2024 gwamnatin Masar ta saki kuɗinta, fam, wanda su suke kira gine, ya faɗi daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Tun daga lokacin ribar canjin bayan fage ta gushe, haɗarinsa kuwa yana nan, domin laifi ne a dokar ƙasar. Yi canji a banki ko shagon canji mai lasisi, kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata, ka karɓi rasit. Ka nemi su haɗa maka da ƙananan takardu, saboda mai tasi da mai shago kullum cewa suke ba su da canji. Wani abu kuma: manyan wuraren tarihi da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Je bankinka kafin ka tashi, ka tambaya ko katinka na aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya cirewa.

Akwai gargaɗi biyu da ba na gajiya da maimaitawa. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da dattijuwa ce ta haɗa ka da Allah, kuma ka tsaya a kan jakunkunanka har a liƙa musu lamba da sunanka, ka ƙirga rasit ɗin da aka ba ka. Na biyu, magani. Tramadol da danginsa a Masar hukuncinsu hukuncin miyagun ƙwayoyi ne. A 2017 kotu ta ɗaure wata 'yar Ingila shekara uku saboda ta shiga da shi a jakarta. Duk maganin da kake sha, bar shi a kwalinsa, ka haɗa da takardar likita.

Inda za ka kwana

Ƙa'idata guda ce: masaukin da bai wuce tafiyar minti goma a ƙasa daga tashar metro ba. Ɗaki mai araha a unguwa mai nisa yaudara ce, abin da ka rage a kuɗin kwana za ka biya shi ga masu tasi, ka ƙara da awannin da za ka ɓata a cunkoso.

Tsakiyar gari, wadda suke kira Wusɗul Balad, ita ta fi dacewa da mai kwanaki kaɗan. Dogayen gine-gine ne irin na Turai da aka fara tun zamanin Khedewi Isma'il, kuma a hawa na huɗu ko na shida na yawancinsu akwai ƙananan otal-otal masu ɗaki goma ko ashirin. Ƙofar ginin na iya ba ka tsoro, ga ƙura, ga tsohon lif mai ƙofar ƙarfe, amma ka hau ka tarar da ɗaki tsaf. Kafin ka biya, tambayi abu huɗu: banɗaki a cikin ɗaki yake, akwai ruwan zafi, lif na aiki, taga titi take kallo ko baya? Alƙahira ba ta barci, kuma hon ɗin motoci ba ya tsayawa har asuba. Karanta abin da waɗanda suka sauka kwanan nan suka rubuta, musamman masu ƙorafi. Biya kwana biyu kacal tun daga gida. Idan wurin ya yi maka ka ƙara, kuma sau da yawa za a rage maka in ka yi magana baki da baki. Ma'aurata su tafi da takardar aure, don wasu wuraren na tambaya.

Wanda zai yi wata ko fiye, kamar mai jinya, gida mai kayan ɗaki ya fi masa. Unguwar Duƙƙi na da metro da asibitoci. Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, can ɗalibanmu da sauran 'yan Afirka suka fi yawa, haya da sauƙi, sai dai nisa. Dillali zai karɓi la'adarsa, mai gida zai nemi kuɗin ajiya. A rubuta komai. A nan ne ɗaliban Azhar suke da rana, domin da ɗan gari akan ci gari. Amma ka tuna karatu ya kai su. Idan yaro ya bar darasi ya yini yana yi maka tafinta a asibiti, ka biya masa mota, ka ciyar da shi, ka sallame shi da abin kirki. Na ga manya masu hali suna mai da ɗalibai 'yan aike kyauta, kuma abin kunya ne.

Daren sauka

Filin jirgin yana Misrul Jadida, kimanin kilomita ashirin daga tsakiyar gari, kuma metro bai kai filin ba. Kafin ka fita daga ginin, canza ɗan kuɗi a banki, ka sayi layin waya a kantin Vodafone ko Orange ko wani daga cikin kamfanonin. Fasfo kawai za su nema. Tun a gida ka sauke taswirar birnin a wayarka yadda za ta yi aiki ba intanet, ka kuma sa an rubuta maka adireshin masaukin da Larabci.

Da ka fito za a yi maka caa: tasi, otal, ɗaukar kaya. Ka ce shukran, ka ci gaba da tafiya, kada ka saki jakarka. Kira mota ta Uber ko inDrive, inda za ka ga kuɗin kafin ka shiga. Lambobin motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci aka rubuta su, kuma a nan wanda ya yi makarantar allo ya fi Bature gata, don shi zai karanta lambar motarsa ba tare da taimakon kowa ba. Wannan dare ba na tsimi ba ne. Da kaya, da gajiya, da duhu, biya motar da za ta kai ka ƙofa. Tsimi daga gobe zai fara.

Ƙashin bayan birni

Mutum fiye da miliyan ashirin ke zaune a Alƙahira da kewayenta, amma tsarinta bai da wuyar riƙewa. Kogin Nilu na gangarowa daga kudu zuwa arewa. Gabas da shi Alƙahira ce, yamma da shi Giza. Can gabas akwai dutsen Muƙaɗɗam, a gindinsa ganuwar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176, wadda ake hango kubbobin masallacinta daga nesa. Dandalin Tahrir na tsakiya, dab da kogi. Tsohon birni, inda Azhar take, yana tsakanin Tahrir da dutsen. Dalolin Fir'auna suna can yamma a bakin hamada. In ka riƙe waɗannan, ko ka ɓata ba za ka yi nisa ba.

Metro shi ne abokin mai ɗan guzuri. An buɗe shi a 1987, shi ne na farko a nahiyar Afirka, kuma layi uku ne ke aiki. Na ɗaya ya taso daga Helwan a kudu zuwa Marg a arewa. Na biyu ya taso daga Shubra, ya bi ta ƙarƙashin Nilu, ya ratsa Duƙƙi da Jami'ar Alƙahira da Giza zuwa Munib. Na uku ya fito daga gabas, ya bi ta Misrul Jadida da Abbasiyya da Ataba, ya haye zuwa yamma. Tashoshin da ake sauya layi su ne abin haddacewa: Sadat, wadda ke ƙarƙashin Tahrir, da Shuhada a dandalin Ramsis, duka biyun suna haɗa layi na ɗaya da na biyu, Ataba na haɗa na biyu da na uku, Nasir na haɗa na ɗaya da na uku.

Ga yadda ake yi. A bakin tasha za ka sa jakarka a na'urar bincike. A taga ka faɗi sunan tashar da za ka sauka, domin kuɗin ya danganta da yawan tashoshi. Za a ba ka ɗan tikiti, ka zura shi a ƙofa, ya fito ta gaba, ka ɗauke shi ka adana, don da shi za ka fita. Allunan ba sa cewa arewa ko kudu. Sunan tashar ƙarshe suke rubutawa, saboda haka san ƙarshen layin da ka nufa. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla, da alama a kan dandamali. Ke 'yar'uwa, nan ne wurinki idan ke kaɗai ce, za ki samu natsuwa. Kai kuma namiji ka kula, shiga cikinsa tara ce. Da safe lokacin fita aiki da kuma bayan azahar zuwa magariba cunkoson ya kai a matse mutum har ya rasa inda zai sa ƙafa. Mai da jakarka gaba, ka matso kusa da ƙofa tun saura tasha ɗaya, don jirgin ba ya jira.

Inda metro bai kai ba, ƙananan farare bas-bas ne ke kaiwa, waɗanda suke kira mikrobas. Ba su da lamba, ba su da allo. Direba ko yaronsa ke kiran sunan unguwa, masu jira a bakin titi kuma suna yi masa alama da hannu, kowace unguwa da tata. Ranar farko kada ka yi ƙoƙarin koyon alamun. Je tashar da suke lodi ka faɗi inda za ka, za a nuna maka motar. A ciki akwai abin da ke burge ni har yau. Ba kwandasta. Na baya zai taɓa kafaɗar na gabansa ya miƙa masa kuɗi, ya ce mutum biyu, kuɗin ya bi hannu-hannu har wurin wanda ke bayan direba. Shi wannan, fasinja ne kamar kowa, sai ya zama ma'aji: ya tara, ya ƙirga, ya cire canjin kowa, canjin ya sake bin hannu-hannu ya koma ga mai shi ba tare da ko sisi ya ɓata ba. Dubi abin da na kusa da kai ya bayar ka ba da irinsa. In ka iso, ɗaga murya ka ce, "Ala gamb ya usɗa," direba zai raɓa gefe.

Farar tasi tana da mita. Kafin ka zauna ka ce a kunna addad. In ya ce ta lalace, rufe ƙofa ka tsai da wata, suna da yawa. A lungunan unguwanni akwai tuk-tuk, wato A Daidaita Sahu, shi kuma ciniki ake yi kafin a hau.

Tsallaka titi darasi ne mai zaman kansa. Motoci ba sa tsayawa, kaucewa suke yi. Nemi ɗan gari mai shirin tsallakawa, ka tsaya ta gefensa yadda shi ne ke tsakaninka da motocin, ka taka tare da shi. Kada ka ruga, kada ka ja da baya, domin direba ya riga ya auna tafiyarka.

Larabcin makaranta zai yi maka aiki, za su gane ka, har su girmama ka. Amsar ce za ta zo da harshen titi. Jim a bakinsu ga ce, masjid ya koma masgid. Ƙaf kuma haɗiye ta suke. Riƙe 'yan kalmomi: fen, wato ina, bikam, nawa, yimin da shimal, dama da hagu, ala ɗul, miƙe. Matambayi ba ya ɓata, amma Bamisire na jin nauyin ya ce bai sani ba, sai ya kwatanta maka abin da yake zato. Tambayi mutum biyu, ka fi ba mai shago ko mai gadin gida muhimmanci a kan mai wucewa.

Ci da gani

Abinci ba zai cinye maka kuɗi ba in ka ci abin da gari ke ci. Da safe akwai ful, wake ne da aka dafa ya yi lugub da mai da lemun tsami, da ɗa'amiyya, ƙosansu ke nan, a cikin gurasar da suke kira esh baladi. Da rana ka shiga shagon koshari. Za ka ji ƙarar cokali a kan manyan tukwane tun daga waje: mai zubawa zai ɗebo shinkafa, da taliya, da adas, ya watsa wake, ya kwarara miyar tumatir, ya rufe da soyayyar albasa, duk cikin ƙiftawar ido. A kan tebur akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa ɗaya yaji. Yajin da zafi, fara da kaɗan. Kwano ɗaya zai riƙe ka har dare. Ruwan rake da ake matsewa a gabanka ya fi kowane lemon kwalba araha. Shagon da ka ga layin 'yan gari, shiga. Wanda ka ga an tsaya a ƙofa ana kiran baƙi da Turanci, wuce. A manyan gidajen abinci ana ƙara kuɗin hidima da haraji a kan abin da ke rubuce. Ruwan sha kuwa sayi babbar gora a kanti.

Mafi kyawun abin gani a Alƙahira kyauta ne ko kusa da kyauta. Sauka a tashar Babus Sha'ariyya, ka taka zuwa Babul Futuh, ka bi titin Mu'izz kudu har Bab Zuwaila. Tafiyar ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma za ka ratsa masallatai da makarantu da asibitin sarakunan Mamluk, gini na jingine da gini, na shekaru ɗaruruwa. A tsakiya za ka ɓulla kusa da Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970 aka fara salla cikinsa a 972. Shiga ka yi nafila, ka zauna a farfajiyar farin dutse, ka ga ɗalibai daga Indunusiya da Senegal da Kano kowa da littafinsa. A lungunan bayan masallacin shagunan littattafai suke, inda malamanmu ke sari. Khan Khalili na tsallaken titi. Je ka kalla, amma farashin farko da za a faɗa maka na baƙi ne, taya ƙasa da rabi, kuma in ba ka da niyyar saye kada ka fara ciniki. Tsarabar gaske, irin su jallabiya da abaya da mayafi, a Muski da Guriyya da Ataba ake saye, inda matan gari ke sayayya.

Ware yini guda don masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, da kuma kabarin Imam Shafi'i wanda ya rasu a 820. Masallacin Amru bn al-As, na farko a ƙasar Masar, yana kusa da tashar Mar Girgis, dab da tsofaffin majami'un Kibɗawa. Mai ajiye takalma zai sa ran ɗan ihsani. Ba shi ƙaramar takarda. Wanda ke da katin ɗalibi na duniya rabin kuɗi yake biya a wuraren da ake sayen tikiti.

Dalolin Giza su ne inda aka fi tatsar baƙo. Hau layi na biyu zuwa tashar Giza, daga nan ka ɗauki mota. Je da sassafe. Tun kafin ka isa wasu za su tare ka su ce an rufe ƙofa, ko ba a shiga sai da doki, ko su ne ma'aikatan wurin. Kada ka tsaya sai a tagar tikiti ta hukuma, kuma kada ka miƙa tikitinka ga wanda ba ya bakin ƙofa. Ƙafarka ta isa ta kai ka gindin babbar dalar Khufu, wadda ta shekara kusan 4,500 a tsaye, tsawonta na asali mita 146. In kana sha'awar raƙumi, a yanke kuɗi tun kana ƙasa: nawa, da wane kuɗi, na minti nawa, har da dawowa, kuma sai ka sauka za ka biya.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Baƙar fata kan gamu da tsokana a titi, yawanci daga yara da matasa, su kira ka samara ko wani suna. Yana da ciwo, kuma ba daidai ba ne. Kada ka tanka, faɗa a ƙasar mutane ba ya yi wa baƙo kyau. Za ka kuma haɗu da wanda zai bar shagonsa ya raka ka har kwanar da kake nema, da wanda zai biya maka kuɗin mota don ya ji ka ce daga Najeriya ko Nijar kake. Riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu kullum. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji ko gine-ginen gwamnati, kada ka shiga hirar siyasar ƙasar da wanda ba ka sani ba. Juma'a da Asabar ne hutunsu, don haka duk abin da ya shafi ofis ko banki ka gama shi kafin Alhamis ta ƙare. Safiyar Juma'a kuwa tituna fayau suke, ita ce lokacin zuwa wuri mai nisa.

Kwana biyu kafin komawa ka daina sayayya, ka nemi sikeli ka auna jakunkunanka. Littafi nauyi gare shi, kuma kuɗin kilo ɗaya na ƙari a filin jirgi zai iya fin kuɗin littafin. In kayan sun yi yawa, ɗalibai sun san masu aikawa ta kago. Duba ranar da bizarka za ta ƙare, don wuce ta tara ce da ɓata lokaci. Duba tikitinka ka ga daga wace tasha jirginka zai tashi, domin filin na da tasha uku. Ware kuɗin motar filin jirgi tun ranar da ka sauka, ka sa a cikin fasfo. Ka baro masauki awa huɗu kafin tashi, in da yamma ne ka ƙara ɗaya, saboda cunkoson hanyar Salah Salim ya sa mutane da yawa sun rasa jirgi, kuma sabon tikiti ya fi duk abin da ka tsimi a tafiyar.